Yashi da Tsakuwa a Ƙarƙashin Harsashin Gini: Abin da ya Auku a Niigata

Ranar Talata, 16 ga watan Yuni na shekarar 1964, da misalin ƙarfe ɗaya na rana, ƙasa ta girgiza a birnin Niigata, wanda ke bakin teku a gaɓar yamma ta babban tsibirin ƙasar Japan. Girgizar ƙasa dai ba baƙuwa ba ce ga mutanen wannan ƙasa, kuma waɗanda suka rasa rayukansu a wannan karo ba su kai mutum 40 ba. Amma abin da aka gani a wata unguwa da ake kira Kawagishi-cho ya sa injiniyoyin duniya suka yi tsaye cak. A unguwar akwai jerin benaye takwas na haya, kowanne mai hawa huɗu, an gina su da kankare da rodi. Ko da ƙasa ta lafa, sai ga waɗansu daga cikinsu sun karkace, ɗaya kuwa ya kusa kwanciya a kan gefensa, har gindin harsashinsa ya fito fili kowa yana gani. Abin mamakin shi ne ginin bai farfashe ba. Ya kwanta ne ɗungurungum, kamar akwatin da aka tunkuɗe, har mazauna cikinsa suka fito ta tagogi suka tako bangon suka sauko ƙasa.

Watau maginan sun yi aikinsu, siminti da rodi kuma sun riƙe amana. Ƙasar da aka ɗora ginin a kanta ita ce ta kasa. Ƙasar nan kuwa yashi ce, irin wanda magina ko'ina suke murna idan sun haƙa rami sun tarar da shi, domin a yawancin lokaci ya fi laka aminci nesa ba kusa ba. Kafin mai karatu ya fahimci yadda yashin Niigata ya ci amanar benayen nan, sai ya san yadda yashi da tsakuwa suke ɗaukar nauyi a ranakun da babu wata girgiza.

Mudu da ƙwayoyin gero

Injiniyoyi suna rarraba ƙasa ne bisa ga girman ƙwayoyinta. Ƙwayar da faɗinta ya kama daga milimita 2 zuwa milimita 60 tsakuwa ce. Wadda ta kama daga milimita 0.06 zuwa milimita 2 yashi ce. Ƙasa da wannan akwai turɓaya mai laushi kamar gari, sa'an nan can ƙarshe yumɓu, wanda ƙwayoyinsa ba su kai milimita 0.002 ba, ido kuma ba ya ganinsu ɗaya-ɗaya. Ƙwayoyin yumɓu suna manne wa juna, shi ya sa ake iya cura shi a gina tukunya. Yashi da tsakuwa ba su da wannan danƙo. Ƙarfinsu duka yana zuwa ne daga gogayyar ƙwaya da ƙwaya, da yadda kowace take tokare 'yar'uwarta.

Tsakanin ƙwayoyin nan akwai kafofi, kuma suna da yawa fiye da yadda ake zato. A cikin yashin da aka zuba aka bar shi haka, kafofin sukan kai kusan kashi 45 cikin 100 na dukkan wurin da ya cika. Idan an danƙare shi sosai sukan ragu zuwa kimanin kashi 30. Wannan tazara ita ce tushen maganar gaba ɗaya. Duk wanda ya taɓa sayen gero a kasuwa ya san dalilin da ya sa mai awo ba ya son a buga wa mudunsa hannu: mudun da ya cika ya yi tozo, da zarar an girgiza shi sai hatsin ya zauna, a ga yana neman ƙari. Ba a rage ko ƙwaya ɗaya ba, ƙwayoyin ne suka gyara zama suka cike kafofin da ke tsakaninsu.

Haka yashi yake yi a ƙarƙashin harsashi. Yawancin ƙwayoyinsa na wani dutse ne mai tauri ƙwarai, wanda nauyin gida ba ya iya matse shi. Abin da nauyin yake yi shi ne ya tilasta wa ƙwayoyin su zame, su mirgina, su faɗa cikin kafofi, wani lokaci kuma kaifin gefensu ya ɗan karye. Jimlar waɗannan ƙananan motsi ita ce lotsawar da ake aunawa a gini. Saboda haka yashi mai ƙwayoyi masu kaifi ya fi mai sulɓaɓɓun ƙwayoyi riƙo, kuma wanda ya haɗa manya da matsakaita da ƙanana ya fi wanda ƙwayoyinsa duk girmansu ɗaya, domin ƙananan sun riga sun cike gurbin da manyan za su faɗa. Tsakuwar da ta gauraya da yashi ta danƙare tana cikin mafi kyawun abin da ake ɗora gini a kai, in aka ɗauke fa.

Danƙararren yashi yana da wani hali da ke saɓa wa hankali. Idan aka matsa masa ya motsa, sai ya kumbura maimakon ya zauna, domin ƙwayoyinsa sun sarƙe, ba yadda za su wuce juna sai sun hau kan juna. Wani masani a Ingila, Osborne Reynolds, shi ya bayyana wannan a 1885. Wanda ya taɓa taka jiƙaƙƙen yashi a bakin kogi ya ga misalinsa, yadda kewayen ƙafarsa yake yin fari kamar ya bushe: yashin ya buɗe kafofinsa ya tsotse ruwan da ke sama. Sakakken yashi yana yin akasin haka, yana tsukewa. A riƙe wannan bambanci, domin za a komo kansa.

Yashi mai gaggawa, yumɓu mai jinkiri

Mutumin da ya mai da nazarin ƙasa ya zama fannin ilmi mai ƙa'idoji shi ne Karl Terzaghi, wanda aka haifa a Prague a 1883, ya rasu a Amurka a 1963. Lokacin da yake koyarwa a Santambul ya yi gwaje-gwajensa da kayan aiki marasa tsada, ya kuma buga littafinsa na farko kan wannan fanni da Jamusanci a 1925. Babbar ƙa'idar da ya kafa ita ce: nauyin da aka ɗora wa jiƙaƙƙiyar ƙasa yana rabuwa biyu, wani kashi a kan ƙwayoyi, wani a kan ruwan da ke cikin kafofi. Kashin da ƙwayoyi suka ɗauka shi kaɗai ne yake ba ƙasa ƙarfi, shi ne kuma yake sa ta lotsa. Ruwa ba ya tokare komai, jira kawai yake ya sami hanya ya fice.

A cikin yumɓu hanyar ficewa matsattsiya ce ƙwarai, don haka ruwan yakan yi shekaru yana tsatsafowa, ginin kuma yana ta zama a hankali. Hasumiyar Pisa ta ƙasar Italiya, wadda aka fara ginawa a 1173, tana kan laka da yumɓu mai laushi, ta yi ƙarni takwas tana ƙara karkata, har aka rufe ta a 1990, ba a sake buɗe ta ba sai a 2001 bayan an zaƙulo ƙasa daga ƙarƙashin ɓangaren arewa an ɗan miƙar da ita. A cikin yashi da tsakuwa kuwa ruwa yana wucewa nan da nan. Saboda haka yawancin lotsawar gini a kan yashi tana aukuwa ne tun ana cikin aikin: a ɗora hawa ɗaya ya zauna kaɗan, a ƙara wani ya ƙara zama, kafin a yi shafe a sa ƙofofi galibin abin ya wuce. Wannan babbar fa'ida ce, domin shafe da tayil da gilashi su ne suka fi saurin nuna tsaga.

An daɗe ana ɗauka cewa daga nan magana ta ƙare. Amma a 1985 John Burland, wanda daga baya ya shiga kwamitin ceton hasumiyar Pisa, shi da abokin aikinsa Burbidge suka tattara bayanan gine-gine fiye da 200 da ke kan yashi da tsakuwa, suka nuna cewa lotsawar tana ci gaba sannu-sannu. Bisa ga lissafinsu, bayan shekara 30 takan kai ninki ɗaya da rabi na wadda aka gani da farko idan nauyin a tsaye yake. Idan kuwa nauyi ne mai hawa da sauka, kamar na rumbun hatsi da ake cikawa ana kwashewa, ko dogon bututun hayaƙi da iska ke kaɗawa, takan kai ninki biyu da rabi. Mudu ne dai ake ta buga wa hannu, sai dai a hankali.

Inda haɗarin yake

Gini ya lotsa gaba ɗaya daidai wa daida ba abin damuwa ba ne sosai. Matsalar ita ce wani ɓangare ya fi wani zama. Yashi kuwa ba kasafai yake zama iri ɗaya ba ko da a fili guda, musamman wanda kogi ya zubar, domin ambaliyar bana ta kawo mai gautsi, ta baɗi ta kawo mai laushi, nan ya danƙare, taku goma gaba kuma sakakke ne. A 1956 Skempton da MacDonald suka bi diddigin gine-gine 98, suka gano cewa bango yakan fara tsagewa idan bambancin lotsawa ya kai kashi 1 cikin 300 na tazarar da ke tsakanin wurare biyu, watau santimita 1 a cikin mita 3. Idan ya ninka haka, ginshiƙai da dogarai su kansu suna cikin haɗari. Santimita ɗaya ko faɗin ɗan yatsa bai kai ba. Shi ya sa Terzaghi da Ralph Peck, a littafinsu na 1948, suka ba da shawarar kada a bar harsashin ginshiƙi a kan yashi ya lotsa fiye da inci ɗaya, watau milimita 25, domin sun lura bambancin da ke tsakanin ginshiƙai ba ya cika wuce kashi uku cikin huɗu na wannan.

Akwai kuma batun faɗi. Nauyi ba ya sauka a miƙe kamar turke, yana bazuwa ne cikin ƙasa, yana raguwa da zurfi, kuma tasirinsa yakan kai zurfin da ya kusa ninka faɗin harsashin sau biyu. Harsashi mai faɗin mita 1 yana matsa ƙasar da ke cikin mita 2 na farko. Mai faɗin mita 10 yana taɓa har kusan mita 20. To, idan kowane murabba'in mita na su biyun yana ɗauke da nauyi iri ɗaya, mai faɗin ne zai fi lotsawa, domin ya matse ƙasa mai kauri. A nan ne gwajin faranti yake yaudarar mutane. Akan ɗora nauyi a kan farantin ƙarfe mai faɗin santimita 30 a auna zamansa, alhali farantin bai ji labarin abin da ke ƙasa da santimita 60 ba. Idan akwai sakakken yashi a zurfin mita 4, sai ginin ya tashi sa'an nan ya gano shi.

Ruwan ƙarƙashin ƙasa shi ma yana da nasa rabo. Kowa ya san dutse ya fi sauƙin ɗagawa a cikin ruwa. Haka ƙwayoyin yashi suke rasa kusan rabin nauyinsu idan ruwa ya rufe su, matsin da ke tsakaninsu ya ragu, gogayya ta ragu. Terzaghi da Peck sun ƙiyasta cewa idan ruwa ya taso har gindin harsashi, lotsawar tana iya ninkawa. Wanda ya gwada filinsa da bazara ya manta da watan Agusta bai gama gwaji ba.

Yadda ake tambayar yashi

Ana iya yanko yumɓu daga zurfi a kai shi ɗakin gwaji yadda yake. Yashi ba ya yarda da haka, domin da zarar an taɓa shi ya watse, abin da ake son aunawa kuma, watau yadda ƙwayoyinsa suke zaune, ya ɓace. Dole a gwada shi a inda yake. Hanyar da ta fi yaɗuwa ta samo asali ne daga Amurka. Akan haƙa rami siriri, a zura bututun ƙarfe, a riƙa sako masa guduma mai nauyin kilo 63.5 daga tsawon santimita 76, a ƙirga bugu nawa ya ɗauka kafin ya nutse santimita 30. Ƙasa da bugu 10, yashin sakakke ne. Daga 10 zuwa 30, matsakaici. Daga 30 zuwa 50, danƙararre. Gwaji ne na gargajiya ƙwarai, masana kuma sun daɗe suna kushe shi, amma arha da sauƙinsa sun hana a rabu da shi. A cikin tsakuwa yakan yi ƙarya: bakin bututun bai wuce milimita 35 ba, dutse ɗaya ya toshe shi sai ƙirgen ya haura, a zaci ƙasar ta danƙare alhali ba haka ba ne.

Komawa Niigata

Birnin Niigata yana zaune ne a inda kogin Shinano, wanda ya fi kowane kogi tsawo a Japan, yake shiga teku. Bayan an haƙa wata babbar mashiga da ta karkatar da ruwan ambaliya a 1922, kogin ya tsuke a cikin gari, aka cike gefunansa da yashi aka yi filaye. Unguwar Kawagishi-cho tana kan irin wannan fili. Yashin sabo ne, mai laushi, ƙwayoyinsa kusan girma ɗaya, ba a danƙare shi ba, ruwa kuma yana kusa da doron ƙasa. Duk da haka ya ɗauki benayen shekaru ba tare da wata matsala ba, domin nauyin a tsaye yake.

Da girgiza ta zo, sakakken yashin ya yi abin da gero yake yi a mudu, ya nemi tsukewa. Amma kafofinsa cike suke da ruwa, kuma ko da yake yashi yana sakin ruwa da sauri, bai kai saurin girgizar da ke kai da komo cikin daƙiƙa ba. Ruwan ya rasa mafita, matsinsa ya yi ta hawa da kowane kaɗawa, har ya karɓe dukkan nauyin daga kan ƙwayoyi. Bisa ga ƙa'idar Terzaghi, ƙwayoyin da ba su matse juna ba ba su da ƙarfi ko kaɗan. Cikin ɗan lokaci ƙasar ta zama wani irin kunu mai kauri, wanda nauyinsa ya kusa ninka na ruwa. Abu mai nauyi ya nutse, abu mai rami a ciki ya taso: tankunan da aka binne suka ɓullo sama, ruwa da yashi suka riƙa feshi daga tsagogin ƙasa. Gadar Showa, wadda ba ta daɗe da buɗewa ba, dogaranta biyar suka faɗa cikin kogi bayan ƙasar da ke riƙe da turakunta ta gusa. Da aka zo bincike, aka tarar taswirar ɓarnar ta yi daidai da wuraren da ƙirgen bugun guduma ya yi ƙasa, galibinsu tsofaffin hanyoyin kogi. Gidajen da ke kan tsofaffin tuddan yashi na bakin teku, inda ruwa yake da nisa, ba su ga irin wannan ba.

Wannan girgiza, da ta Alaska da ta riga ta da wata uku, su suka buɗe binciken narkewar yashi. A 1971 Bolton Seed da Idriss na jami'ar Kalifoniya suka fito da hanyar ƙiyasta haɗarin daga ƙirgen bugun nan, wadda aka yi ta gyarawa ana amfani da ita. An daɗe kuma ana zaton tsakuwa ta tsira, tun da kafofinta manya ne, ruwa yana fita kafin matsinsa ya taru. Girgizar Kobe ta 17 ga Janairu 1995 ta rage wannan tabbaci, domin tsibirin da aka cike a tashar jiragen ruwan birnin da rugurguzajjen dutse mai tsakuwa ya narke shi ma. Yashi da garin dutsen da ke tsakanin tsakuwar sun toshe wa ruwa hanya.

Maganin dai tsoho ne, mata masu daɓen ɗaki sun san shi: a yayyafa ruwa daidai, a buga, a ƙara bugawa, har ƙasa ta daina zama. Yashi ya fi jin girgiza a kan danna, saboda haka idan ciko ne akan zuba shi kaɗan-kaɗan, kaurin santimita 15 zuwa 30, a bi kowane shimfiɗi da injin daɓe mai karkarwa. Idan sakakken yashin yana da zurfi, akwai dogon ƙarfe mai karkarwa da Jamusawa suka ƙirƙiro a shekarun 1930, wanda ake zurawa ƙasa ya girgiza yashin da gangan tun kafin gini. Wani Bafaranshe, Louis Ménard, ya yaɗa hanyar sako nauyin tan 10 zuwa 20 daga sama. Akan kuma kafa ginshiƙan tsakuwa a cikin yashi, su tokare nauyi su kuma zama hanyar ficewar ruwa. A Niigata ma an sami tankunan mai da aka girgiza yashinsu kafin a kafa su, suka zauna kaɗan kawai, alhali na kusa da su da ba a yi wa haka ba sun lotsa sun karkace.

Ƙasar Hausa ba ta fama da manyan girgizar ƙasa, amma halin yashi ɗaya ne ko'ina. A jigawar arewacin Kano da Katsina da Damagaram akwai rairayin da iska ta tara tun zamanin da hamada ta fi matsowa kudu. Irin wannan rairayi ƙwayoyinsa girmansu ɗaya, wani lokaci 'yar laka ce kawai take ɗinke su, sai ya yi tauri da rani har ya gagari diga, amma ranar da ya jiƙe a ƙarƙashin nauyi ɗinkin ya saki, ya zauna farat ɗaya. Bututun famfo mai yoyo, ko ramin masai da aka haƙa jikin harsashi, ko indararon da ke zuba a gindin bango, kowanne ya isa ya jawo haka a kusurwa ɗaya ta gida. Injin niƙa da babban janareta kuwa suna yi wa sakakken yashi bugun mudu dare da rana. Mafi muni shi ne kududdufin da aka cike da shara da 'yan tifofin yashi aka yanka filaye, inda rabin gida yake kan asalin ƙasa, rabi kuma a kan ciko. Tsagar da ke tashi a karkace daga kusurwar taga a irin waɗannan gidaje, sau da yawa akan ɗora wa birkila laifinta, a ce ya ha'inci siminti.

Ranar 1 ga Janairu 2024 wata babbar girgiza ta auku a zirin Noto, ta kai har Niigata. Yashi ya sake narkewa a yammacin birnin, tituna suka tsattsage, gidaje da yawa suka karkace. Da masu bincike suka ɗora sabuwar taswirar ɓarnar a kan ta 1964, suka tarar wurare da dama ɗaya ne: gindin tuddan yashi inda ruwa yake kusa, da tsofaffin hanyoyin kogin Shinano da aka cike aka yi unguwanni a kai.